Zancen Mota: Turbo bashi ne, sai a san mai biya

  A wannan mako Gaya muka nufa, ƙofar ƙasarmu ta kudu, domin akwai wata gardama da ta daɗe tana zagaya garejojin garin da fadojin samari. Ko da yake a bakin shayi ake yin ta, ƙarshenta yana komawa ne ga jarin ɗan kasuwa, da albashin ma'aikaci, da rayukan bayin Allah da ke shiga mota. Gardamar kuwa ita ce: shin ya dace mutum ya ɗauko tsohuwar Peugeot 504, wadda iyayenmu suke kira Fijo, ya ɗaura mata turbo, ko kuwa ya sauke injinta ya sa mata wanda ya fi shi ƙarfi?

Samari masu sha'awar mota suna cewa ya dace. Hujjarsu ita ce sun gani a wayoyinsu yadda Turawa da Japanawa suke tayar da tsofaffin motocin tsere, su zuba musu sabon ƙarfi, mota ta riƙa ruri kamar zaki. Dattawan makanikai kuma, waɗanda hannuwansu suka yi kanta da ƙarfen Peugeot, suna cewa kul, wanda ya ƙera abu ya fi ka sanin inda ya tsaya da dalilin tsayawarsa. Mu dai a namu ganin, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Ana iya ƙara wa inji ƙarfi, wannan babu tantama. Amma duk ƙarfin da aka ƙara bashi ne aka ciyo, kuma masu bin wannan bashi su huɗu ne, ba su san yafiya ba, ba su san a dawo gobe ba. Kafin mu kawo sunayensu, bari mu fara da garin da kuma motar.

Gari mai ƙofa biyu

Gaya tana bakin kogin Isa ne, a ƙasar Dandi. A tsallaken gada akwai Malanbil ta ƙasar Benin, ta gabas akwai Kamba ta jihar Kebbi a Nijeriya, ta arewa kuwa kwalta ta miƙe kusan kilomita 150 zuwa Dosso, daga nan a zarce Yamai. Tun da aka gina gadar farko a 1958, kayan da jirgin ruwa ya sauke a Kwatano, jirgin ƙasa ya kawo Paraku, manyan motoci suka ɗauko, ta nan suka riƙa shigowa ƙasa shekara da shekaru.

Ita ma Peugeot ta ƙofa biyu ta shigo wa mutanen Gaya. Ƙofa ta farko ita ce Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta Nijeriya ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan ita kanta Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 tun 1983. Ƙofa ta biyu ita ce tashar jiragen ruwan Kwatano, inda motocin gwanjo na Turai suka yi ta kwararowa tun shekarun 1990, har mutanen Kano da Sakkwato suka riƙa cewa wane ya sayi motar Kwatano. Shi ya sa a garejin Gaya ƙarfe ɗaya yake da suna biyu. Abin da wannan ya kira buji, wancan fulogi zai ce. Mai cewa gazuwal da mai cewa dizal abu ɗaya suke nufi. Bashe ta ƴan Dosso ita ce a-kori-kura ta ƴan Kamba. Makaniken da ya tashi a nan ya sha nonon makarantu biyu, kuma ba a raina hannunsa.

Sai dai ƙofofin nan ba kullum suke buɗe ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ya fito Turai ya ninka kuɗi a dare ɗaya. A farkon 2017 Nijeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokinta na ƙasa. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ta rufe iyakokin baki ɗaya. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka toshe gadar Malanbil, mutane suka koma ƙetarawa da jiragen kwalekwale. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya koya wa mai mota darasi guda: kayan gyara na iya yin nisa ba tare da sallama ba. Injin da ka ƙone yau da gangan, ba ka da tabbacin samun madadinsa gobe a kan farashin jiya.

Abin da ya sa 504 ta yi suna

An fitar da 504 a shekarar 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana surarta, a 1969 kuma aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. An ƙera fiye da miliyan 3. Injinta na fetur ya fara da lita 1.8, daga baya aka yi mai lita 2, wanda ƙarfinsa da kafireto bai kai dawaki 100 ba. Na gazuwal mai lita 2.3, wanda ake kira XD2, dawaki 70 ne kacal. Ke nan ba gudu ya ba ta sarauta a hanyoyin Afirka ba.

Abin da ya ba ta sarauta shi ne tsari. Ƙafafunta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, tana haɗiye rami ba tare da ta karya bayan fasinja ba. Sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya tana cikin bututun ƙarfe, ƙura da tsakuwa ba sa taɓa ta. Famiyal, wato mai kujeru layi uku, sifirin biyu gare ta a kowane gefe na baya saboda kaya. Injin fetur ɗin kuwa silindarsa riga ce da ake zarewa, in ta cinye a sa sabuwa tare da fistan da zobensa, inji ya dawo yaro ba tare da an kai shi wata babbar masana'anta ba. Wannan shi ne sirrin da ya sa mota ɗaya ta ciyar da kaka, ta ciyar da uba, ta kai jika makaranta.

A lura kuma, gyare-gyaren da makanikanmu suka gada duk na ɗaukar kaya ne da jure wahala: a ƙara wa bashe ganyen sifirin, a ɗaga bayan mota, a yi wa ƙasan inji garkuwar ƙarfe, a ɗora karaga a kan rufi. Sha'awar ƙara gudu ita ce baƙuwa, kuma baƙo sai an san halinsa kafin a ba shi ɗaki.

Zugazugin da hayaƙi ke turawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya riga ya fahimci turbo. Gawayi ba ya ja sai da iska, kuma in maƙeri yana son wuta ta ƙara ƙarfi, yaron zugazugi yake cewa ya ƙara hannu. Haka inji yake. Kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone sarai. Inji mai lita 2, in an bar shi da numfashinsa, ba zai shaƙi iskar da ta wuce lita 2 ba a kowane juyi biyu. Ko ka tuttula masa mai, in babu iskar da za ta ƙone shi, baƙin hayaƙi kawai za ka samu.

Turbo zugazugi ne da hayaƙin injin da kansa yake turawa. Farfela biyu ne a kan sanda ɗaya: ɗaya tana cikin hanyar salansa, hayaƙi mai zafi yana juya ta, ɗayar kuma tana tura iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, wuta ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, alhali shi injin bai fi juyi ƴan dubbai ba in ya ƙure.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis mai suna Alfred Büchi ya yi mata rajista a 1905. Jiragen ruwa da jiragen sama da manyan motoci suka fara cin moriyarta, sai a 1962 ta shiga ƙananan motoci a Amurka. BMW 2002 Turbo ta fito a 1973, Porsche 911 Turbo ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1970, kuma ire-irensu ne samarinmu suke kallo a waya suna haɗiyar yawu.

To amma ga abin lura. A 1979 Peugeot ta ɗauki wannan inji na gazuwal mai lita 2.3 da muka sani, ta sa masa turbo, ta ɗora a kan 604, wadda ita ce ƙaramar motar gazuwal mai turbo ta farko da aka sayar a Turai. Nawa ta nema? Daga dawaki 70 zuwa 80. Goma kacal, ko da yake ƙarfin ja a kan tudu ya ƙaru sosai. Daga baya, a kan 505, aka faɗaɗa injin zuwa lita 2.5 ya ba da 95, da aka ƙara masa lagireton sanyaya iska ya kai 110. Kamfani mai ɗaruruwan injiniyoyi da ɗakunan gwaji taki ɗaya ɗaya ya riƙa yi, yana taka ƙasa yana dubawa. Mai gareji da ya yi maka alkawarin ninka ƙarfin injinka cikin kwana uku, ka tambaye shi abin da ya sani wanda su ba su sani ba.

Mai bin bashi na farko: zafi

Man da inji ya ƙone, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake zama ƙarfin tafiya. Sauran zafi ne, rabi ya fita ta salansa, rabi ya bi ruwan lagireto. Duk dokin da ka ƙara, ka ƙara wa lagireto aiki daidai da shi. Ga shi kuma a Gaya, a watan Afrilu, zafi yana wuce maki 40 a inuwa, balle a kan kwalta. Iska mai zafin maki 45 ta fi ta maki 20 sakayau da kusan kashi 8 cikin ɗari, sannan ita matsawar da turbo ke yi tana ƙara mata zafi. Injin da aka gwada a sanyin Faransa, a nan wani yaƙi yake yi daban.

Kan injin 504, na fetur da na gazuwal, na alminiyam ne. Tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa shi ko ta tsaga shi, ruwa ya haɗu da mai, mota ta zauna. Masana'antun da ke yin injin turbo tun asali sukan rage matsin da ke cikin silinda, su sa fistan mai jure zafi, su sa ƙananan bututu masu fesa mai a ƙarƙashin fistan, su ƙara abin sanyaya man inji, su kuma sa famfon gazuwal da ke auna iska kafin ya ƙara mai. Wanda ya ɗaura turbo a kan injin da ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, kamar wanda ya ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Zai tashi, zai yi ƴan taku, amma ba zai kai kasuwa ba.

A nan ma ya kamata mu taɓo wata al'ada ta garejojinmu, wato cire abin da ke daidaita zafin ruwa da zarar mota ta shigo ƙasa, da kuma cika lagireto da ruwan rijiya ko na kogi. Ruwan nan yana barin tsatsa da gishiri a cikin hanyoyin inji har su toshe. Motar da lagiretonta ya riga ya rabu biyu da datti, ba ta da abin biyan bashin turbo.

Na biyu: mai, na sha da na shafawa

Injin fetur mai turbo yana son fetur mai inganci. In man ya yi rauni, ko an gauraya shi, sai ya kama wuta kafin lokacinsa, a ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙara ita ce take huda fistan. Kowa kuwa ya san yadda aka daɗe ana shan man ruwa-ruwa na kwalba a garuruwan iyaka, saboda arahar man Nijeriya kafin a cire tallafi a watan Mayu na 2023. Tsohuwar 504 mai kafireto tana haƙuri da irin wannan mai. Mai turbo ba ta da wannan haƙuri.

Sai man shafawa. Sandar turbo a kan ɗan siririn man inji take shawagi, ba ta taɓa ƙarfe. In man ya yi datti, ko ya yi ƙaranci, ko na jabu ne, cikin ƴan mintoci za ta ci kanta. In direba ya sha gudu ya zo ya kashe mota nan take, man da ya tsaya a cikin turbo mai zafi yana ƙonewa ya zama gawayi. Don haka ake so a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe. Ƙurar hunturu kuma, in matatar iska ta huje, tana cin farfela kamar yadda gara ke cin azara.

Akwai wani haɗari na musamman ga masu gazuwal, wanda ya kamata kowane direba ya sani. Idan turbo ya lalace ya fara zubar da man inji cikin hanyar iska, injin yana iya komawa shan wannan man, ya yi ta hauhawa da ƙara da farin hayaƙi, ko an zare makulli ba zai mutu ba. Maganinsa a take shi ne a taka birki da ƙarfi, a sa babbar giya, a saki kuloci domin injin ya shaƙe, ko kuma a toshe masa hanyar iska da abu mai kauri, ba da tafin hannu ba. In aka tsaya kallo, sai ya farfasa kansa.

Na uku: birki

Wannan shi ne mai bin bashin da ba ya karɓar kuɗi, rai yake karɓa. Lissafinsa kuwa ɗan makarantar boko ma zai iya. Nauyin tsayar da mota yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Motar da ke tafiya kilomita 80 a awa, a kan kwalta mai kyau da tayoyi masu kyau, tana bukatar kusan mita 35 daga taka birki zuwa tsayawa. A kilomita 120, kusan mita 80 take bukata. Ba a ma sa daƙiƙar da direba zai yi kafin ƙafarsa ta kai birki ba, wadda a wannan gudu mita 33 ce. In kuma famiyal ce da mutum tara da buhunan masara da jarkoki a kan rufi, zafin da birki zai sha ya ƙaru daidai da nauyin. Famiyal da bashe kuwa birkinsu na baya na ganga ne, in ya yi zafi sai ya saki.

To me za a samu a madadin wannan? Iskar da mota ke tsagawa tana cin ƙarfi fiye da kima, ta yadda ƙarin dawaki 10 a kan 70 ba ya ƙara wa iyakar gudu abin da ya kai kashi 5 cikin ɗari. Daga Gaya zuwa Dosso, mai tafiya 90 zai yi minti 100, mai tafiya 110 zai yi kusan minti 82. Minti 18 ke nan, waɗanda shingen jandarma ɗaya zai cinye. A kan hanyar da ake raba ta da amalanken shanu, da garken Fulani, da ƴan kabukabu, da yara masu tallar rake, wane ɗan kasuwa mai hankali zai sayi minti 18 da wannan farashi? Bahaushe ya ce garin neman gira a rasa ido.

Na huɗu: takarda

Ma'aikatan da ke karanta wannan fili sun fi mu sanin wannan. Dawaki 11 da ke rubuce a takardar shaidar 504 mai lita 2 dawakin haraji ne, da su ake lissafin kuɗin binyet da na inshora, ba su ne ƙarfin inji na zahiri ba. Wanda ya sauke injin fetur ya sa na gazuwal, ko ya sa wanda ya fi girma, motarsa ta daina zama wadda takarda ta siffanta. Muddin lafiya ake, ba mai tambaya. Ranar da tsautsayi ya faɗa, ranar ce mai inshora zai buɗe gaban mota ya gwada da takarda, kuma yana da bakin cewa ba wannan motar ya ɗauki nauyi ba. Ga mai ƙetare iyaka kuwa, ɗan duwan da ya ga takarda ta ce fetur, hanci ya ce gazuwal, ya sami dalilin ajiye ka. Ba a fafe gora ranar tafiya. A je ma'aikatar sufuri a gyara takarda tun mota tana gareji.

Darasi daga fagen tsere

Samari za su ce ai Peugeot ma ta yi tsere. Gaskiya ne, kuma tarihin yana da daɗin ji. A tseren Safari na Afirka ta Gabas na 1963, motoci 84 suka tashi, 7 kaɗai suka kai ƙarshe, 404 ce ta zo ta ɗaya. A 1975, a Kenya, Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya ci Safari da 504, ya bar Lancia Stratos biyu a bayansa, motocin da aka ƙera musamman don tsere, masu injin Ferrari. A shekarar ce kuma 504 ta ci tseren Maroko da na Bandama a Kodebuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da Bandama da 504 mai ƙofa biyu da inji mai silinda 6. Babu turbo a ko ɗaya daga cikinsu. Sun ci ne domin sun isa, lokacin da masu gudu suka kwanta a daji.

Zamanin turbo kuwa ya zo da nasa labari. A tsakiyar shekarun 1980 motocin tseren da ake kira rukunin B suka wuce dawaki 400. A 1986 wata ta kutsa cikin ƴan kallo a Fotugal ta kashe mutane, bayan wata biyu Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto suka ƙone a tsibirin Kosika. Hukumar tsere ta soke rukunin baki ɗaya. Wannan ne ya sa Peugeot ta juyo da 205 Turbo 16 zuwa tseren Paris-Dakar, wanda ya saba ratsa Tenere da Agadas. Me injiniyoyinta suka yi kafin su shigo hamadarmu? Rage wa injin ƙarfi suka yi domin ya jure, suka ƙara wa motar tsawo da tankin mai. Da haka Ari Vatanen ya ci a 1987, Juha Kankkunen a 1988, sannan Vatanen ya sake ci da 405 a 1989 da 1990. Masu kuɗin duniya da gwanayen tuƙi, da suka zo ƙasarmu, sassautawa suka yi.

Shawararmu

Ba mu ce a kashe wa samari sha'awa ba. Yaron da ke kwana yana tunanin yadda iska ke shiga inji, gobe shi ne injiniya, kuma ƙasa tana bukatarsa. Abin da muke cewa shi ne a bi tsari.

Wanda motarsa ita ce gonarsa, yana jigilar fasinja ko kaya tsakanin Gaya da Dosso ko Kamba, ya bar injinsa yadda aka ƙera shi. Kuɗin turbo ya sa su a sabuwar rigar silinda da fistan, da wanke lagireto, da tayoyi, da birki. Sau da yawa motar da ake cewa ba ta da ƙarfi, dawakinta na asali ne suka zube ta zoben da ya cinye da kafireton da ya toshe. A dawo da su tukuna, a ga ko akwai sauran kuka.

Wanda kuma ya nace sai turbo, to ya nemi cikakken injin da aka haifa da turbo, irin na 505 mai gazuwal, tare da famfonsa da lagiretonsa da abin sanyaya mansa, maimakon ya liƙa baƙon ƙarfe a kan tsohon inji. Ya fara da birki da tayoyi, ya bi da ruwa, ya bi da takarda, inji ya zo a ƙarshe. Ya sa agogon zafi mai aiki a gabansa. Gwajin gudu kuma ba a yin sa a cikin gari, ko a ayarin ɗaurin aure, ko da fasinja a baya.

Daga ƙarshe, muna kira ga alhazan Gaya da ke da tsohuwar 404 ko 504 mai lafiya a bayan gida, da kada su yi gaggawar sayar da ita ga masu awon ƙarfe, kada kuma su bari a yanka ta. A Faransa, motar da ta shekara 30 tana iya samun takarda ta musamman a matsayin kayan tarihi, kuma a can wadda aka bari da kayanta na asali ta fi wadda aka sauya daraja. A garin Sochaux, mahaifar waɗannan motoci, tun 1988 aka buɗe musu gidan tarihi. Mu da motar ta yi wa bauta fiye da kowa, ta kai amarenmu, ta kai marasa lafiyarmu asibitin Dosso, ta kai albasa da goro kasuwa, mu ne muka fi cancanta mu ajiye ko guda biyu yadda suke, domin jikoki su gani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Makanikai da direbobin da ke da abin cewa a kan wannan batu, ƙofa a buɗe take, a rubuto mana. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.